Koriya ta Arewa: Jimla Ɗaya, Ma'ana Biyu

A shekarun da na yi ina koyar da ilimin ma'ana a jami'a, nakan faɗa wa ɗalibaina cewa mutum biyu suna iya sa hannu a kan jimla ɗaya alhali kowa da abin da yake nufi. Misalin da na fi kawo musu shi ne na Amurka da Koriya ta Arewa.

A ranar 12 ga Yunin 2018, Donald Trump da Kim Jong Un suka rattaba hannu a Singafo kan ƙudurin raba zirin Koriya da makaman nukiliya baki ɗaya. A kunnen Amurka, ma'anar ita ce Arewa ta ajiye makamanta. A kunnen Arewa kuwa, zirin ya haɗa da Kudu, inda Amurka ke da sojoji kimanin 28,500 tare da alkawarin kāre ta da nukiliya. Takardar ba ta fayyace ba. A Fabrairun 2019 taronsu na Hanoi ya watse hannu rabbana.

Ba a nan kaɗai harshe ya yi ɓarna ba. A 2002 Shugaba Bush ya jera Koriya ta Arewa da Iraƙi da Iran a sahun miyagu. A 2003 aka mamaye Iraƙi, a 2006 Arewa ta gwada bam ɗinta na farko. A 2018 kuma John Bolton ya ba ta misali da Libiya, alhali kowa ya ga ƙarshen Gaddafi a 2011, bayan ya watsar da shirinsa a 2003. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai ba sai an ce ya shafa wa nasa ruwa ba.

Mai karatu zai ce, to tattaunawar ba ta da amfani ke nan? Tana da shi. Yarjejeniyar 1994 ta tsayar da aikin cibiyar Yongbyon har kimanin shekara takwas, kuma a ganina sirrinta shi ne ta kira abubuwa da sunayensu: a rufe wuri kaza, a karɓi tan 500,000 na mai duk shekara.

Yaƙin Koriya dai tsagaita wuta aka yi a 1953, ba sulhu ba. Ƙaramin alkawari fayyatacce ya fi babba mai harshen damo, domin rayukan miliyoyi ne ke rataye a kan ma'anarsa.