Buntun Shinkafa da Tubalin Gini: Arziƙin da Muke Cinna wa Wuta a Kura da Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta daina jiran damina kafin ta yi kore. Ruwan da ke bin magudanan da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da su ya mayar da yankin rumbun shinkafa, garin Kura kuma ya cika da injinan casa. Sai dai kowace ni'ima tana zuwa da amanarta. A bayan injinan nan akwai tarin buntu, a gonaki kuma akwai karan shinkafa, kuma sau da yawa wuta ce makomarsu: hayaƙi ya turnuƙe unguwa, mai asma ya kwana yana tari.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shinkafa shanshera buntu ne. Duk buhu biyar da aka casa, an bar nauyin buhu guda. Wani ɓangare yana tafiya ga masu turara shinkafa da masu kiwon kaji, karan kuma dabbobi na ci. Ba mu kira a ƙwace abincin dabba. Maganarmu a kan ragowar ce, wadda ake ƙonawa don kawai a rabu da ita. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa almubazzaranci haramun ne, cutar da maƙwabci ma haka. Ƙona abin da zai amfani mutane, har hayaƙinsa ya cutar da su, ya kusanci laifukan biyu a lokaci guda.

Haɗa tsiro da ƙasa a gini ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina a shekarar 622 Miladiyya, da tubalin laka aka gina masallacinsa, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino. A ƙasar Hausa kuwa, magina suna cuɗa ƙasa da ramno, wato busasshiyar ciyawa, kafin su mulmula tubali, domin ciyawar tana riƙe ƙasar ta hana ta tsagewa idan ta bushe. Suna jiƙa kwasfar ɗorawa su sami makuba, su ɗebo katsi daga marina, su yi yaɓen da ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Da irin wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Abin da binciken zamani ya ƙara shi ne sirrin tokar buntu. Idan aka ƙona shi a tanda, da zafin da bai wuce kimanin digiri 700 ba, ana samun toka wadda fiye da kashi 80 cikin 100 nata sinadarin silika ne. Idan aka niƙa ta da laushi, tana haɗuwa da siminti ko farar ƙasa ta yi tauri, har ta iya maye gurbin kashi 10 zuwa 20 na simintin. Sai a gauraya da jar ƙasa, a matse a inji, a bar bulon ya tsumu a inuwa ana yayyafa masa ruwa. Ba a gasa shi, don haka ba a sare itace dominsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan muka tuna cewa masana'antar siminti ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya. Ga talaka kuwa, ribar a fili take: siminti kaɗan, ɗaki mai sanyi a watan Afrilu.

Masu cewa ginin ƙasa alamar talauci ne su dubi maƙwabtanmu na Nijar. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasa matsattse, suka mayar da tsohon ɗakin karatu.

Amma a yi hattara. Tokar da aka kwaso daga bola, inda buntu ya ci wuta yadda ya ga dama, ba ta da wannan ƙarfi. Bangon ƙasa kuma maƙiyinsa ruwa ne, musamman a yankin da magudanai suka jiƙa ƙasa; dole a ɗaga harsashi da dutse ko kankare, a fitar da rufi da indararo nesa da bango. Mai buga bulon da ya rage siminti ya cika da toka barkatai don ƙarin riba ya yi algus, kuma idan gini ya rufta kan iyali, alhakin rayuka na wuyansa.

Saboda haka aikin na kowa ne. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injinan matse bulo. Ya dace ƙananan hukumomin Kura da Bunkure su nemi a kawo su a horar da matasa. Injiniyoyin jami'o'inmu su gwada ƙasar yankin su fitar da ma'aunin haɗi. Masu hali su saya wa ƙungiyoyin matasa inji da tanda a matsayin waƙafi. Kwamitocin masallatai da Islamiyyu kuma su fara da katanga ko aji guda, domin jama'a su gani da idonsu, su taɓa da hannunsu. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar ni'imominSa.