An Canza Salansa, Mota Ta Fara Shan Mai: Ina Matsalar Take?

Masu motoci da yawa kan canza salansa don samun ƙara mai daɗi ko ƙarin ƙarfi, sai bayan 'yan kwanaki motar ta fara shan mai, tana warin ɗanyen fetur, fulogi suna yin baƙi. Kafin a kashe kuɗi a kan injekta ko famfon mai, ya kamata a koma kan aikin salansar, domin galibi a can matsalar take.

Yadda mota ke auna mai

Injin fetur yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na fetur. Ƙwaƙwalwar motar ce ke kula da wannan ma'auni, kuma tana dogara ne da sensar oksijin da ke ɗaure a jikin bututun hayaƙi, tsakanin inji da katalis, wanda makanikai a Najeriya ke kira indomi. Idan sensar ta ji oksijin da yawa a cikin hayaƙi, ƙwaƙwalwar za ta ɗauka man ya yi kaɗan, sai ta ƙara. Saboda haka duk abin da ya ruɗi sensar, ya ruɗi motar gaba ɗaya.

Canza tukunyar salansa ta baya kaɗai ba kasafai yake taɓa wannan lissafi ba. Aikin da aka yi kusa da inji ne ke jawo matsala.

Babban abin zargi: yoyo kafin sensa

Hayaƙi yana fita ne bugu-bugu, kuma tsakanin bugu da bugu bututun kan zuƙo iskar waje ta kowace 'yar kafa. Gasket da bai zauna daidai ba, noti da bai ɗauru ba, ko walda mai ƙaramin rami, duk sun isa. Sensar za ta ji wannan iska, ƙwaƙwalwar ta yi ta ƙara man da injin ba ya buƙata.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, a wannan hali motar kan nuna lambar P0171, wadda ke nufin mai ya yi kaɗan, alhali fulogi sun yi baƙi. Ana gane yoyon ta ƙarar tas-tas da safe kafin inji ya yi zafi, ko baƙin tabo a mahaɗar bututu.

Sensar kanta da wayoyinta

Sensa ba ta aiki sai ta kai zafin kusan digiri 300 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa ake sa mata hita a ciki. Idan wayar ta taɓa bututu ta narke, ko an mayar da sensar nesa da inji, aikinta zai raunana. Lambar P0135 tana nuna matsalar hitar. A motoci masu injin V6 kuma, akan musanya soket ɗin ɓangarorin biyu bisa kuskure, sai wani ɓangare ya cika da mai, ɗayan ya rasa. Gam ɗin silikon da ake shafa wa gasket ma yana iya kashe sensa.

Bincike da wayar salula

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Da ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja kamar Torque ko Car Scanner, ana iya karanta abin da ƙwaƙwalwar ke yi. A bari inji ya yi zafi, sannan a duba STFT da LTFT, wato adadin man da ake ƙarawa ko ragewa.

Idan jimillarsu ta wuce +10%, ga kuma warin mai, to ana ruɗar sensar ne: a nemi yoyo. Idan ta yi ƙasa da -10%, ko P0172 ta fito, man ne da gaske ya yi yawa. Nan sai a duba injekta mai ɗiga, ƙarfin turin mai, matatar iska da sensar auna iska. A duba zafin ruwan inji ma, domin motar da aka cire wa tamostat tana iya daɗewa tana zuba mai kamar ba ta yi zafi ba.

Tsohuwar irin sensa tana kai-komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Sababbin Toyota da yawa suna da wata iri wadda ke nuna kusan 3.3, don haka kada a ga wannan adadi a yanke hukuncin ta mutu.

Idan an cire katalis

Motar da aka cire wa katalis za ta yi wari ko da ma'aunin manta daidai yake, kuma takan nuna P0420. Wari kaɗai ba hujja ba ce.

Haɗarin jinkiri

Fetur da ya yi yawa yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke cikin inji, ya kuma ƙona katalis. Bayan gyara, a goge lambobin, a share ko a canza fulogi, a shinshina baƙin mai. Idan yana warin fetur, a yi juye nan take.