Ranar da Na Riƙe wa Yaya Sifana

Ana jibi za a kai yayata ɗakinta daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, sai motar ɗaukar amarya ta kawo cikas. Tsohuwar 504 ce ta Baba, ƙirar kamfanin Peugeot na Kaduna da aka buɗe a 1975. Ko ɗan rami ta faɗa sai ta yi ta rausaya, ga kuɗi duk sun tafi gara.

Yaya ya danna goshinta ya saki, ta yi ta lilo. Ya ce, "Kin gani? Mai lafiya sau ɗaya take tasowa ta tsaya. Shakazoba ce ta mutu, dubi mai yana tsiyaya."

Ya sayo biyu, don ba a canja gefe ɗaya. Ya ɗaga ta da jak, ya tokare da kututture, ya ce jak kaɗai ba abin yarda ba ne. Ni ke miƙa sifana.

Na kai hannu kan notin da ke tsakiyar sifirin, ya daka mini tsawa: "Kul! A matse yake, in ya ƙwace sai asibiti!" Wallahi jikina har ɓari yake. Wannan ɓangaren makaniki ya kai wa, mai ƙarfen matsewa, daga baya aka daidaita tayoyi.

Ran Juma'a amarya ta isa Kurfi lami lafiya, tana ta kukanta, Inna na rarrashi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.