Maɓalli Uku da Yatsar Mutanen Adar

Adar ƙasar ƴan ci-rani ce. Daga Tawa, Barmu, Kalfu da Keita samari suna tafiya Abijan da Libiya, kuɗin da suke aikowa gida kuwa ta NITA, Amana ko Airtel Money yake isowa. Sau da yawa mai karɓa uwa ce da ba ta taɓa shiga lakwal ba. Yanzu da kamfanoni a duniya suke miƙa hidimominsu ga bot, wato manhajar da ke amsa saƙo ba tare da mutum ba, yadda aka jera maɓallan ya shafe ta kai tsaye.

Filin maɓallan ba shi da faɗi. WhatsApp ba ya barin a sa fiye da maɓallin amsa uku ƙarƙashin saƙo, kowanne ba ya wuce harafi 20, jerin zaɓi kuma ba ya wuce goma. Telegram, wanda ya buɗe ƙofa ga bot a 2015, ya fi sakin mara, shi ya sa masu tsarawa kan cika allo maƙil. Alhali tun 1952 William Hick na Ingila ya nuna cewa yawan zaɓi yana jinkirta yanke shawara.

Wadda ba ta karatu wuri take haddacewa: na sama, na tsakiya, na ƙasa. Duk mai tsarawar da ya sauya wa maɓalli mazauni don ado, ya ɓatar da ita. Haka kuma ganganci ne a haɗa “Aika” da “Fasa” kafaɗa da kafaɗa, ga rana tana dukan gilashin salula, ga shi galibi a tsage. Can wajen Abalak da Cintabaradan, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, mutum zai danna, ya ji shiru, ya sake dannawa. Bot ɗin da bai san ya yi watsi da dannawa ta biyu ba zai aika kuɗi sau biyu.

Ga kuma lissafi. Abin da allo ya rubuta 500, a kasuwa dala ɗari ne, 1000 kuwa jikka. Kafin kuɗi ya fita, ya kamata bot ya faɗi adadin da murya, yadda ake ƙirga shi a nan.

Ga kuma harshe. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, a arewacin jihar Tawa kuma akwai masu Tamashek da Fulatanci. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani da ke sha'awar wannan aiki, ku kai maɓallanku kasuwar Tawa, masu sayar da albasa su gwada kafin ku sake su.