IN MOTO YA ƘI TASHI DA SAFE A LOKACIN ƊARI

 A watan 12 da watan 1, a yankin Maradi, Damagaram da Tawa, akwai safiyar da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 12. Kuma lokacin ne tumatir, salati da shu ke fitowa daga garake. Mai moto mai ƙafa uku ya loda kaya tun asuba, moto ya ƙi tashi. Kafin ya tashi rana ta yi, salati ya yi yaushi, masu saye sun watse. Wani kuwa ba kaya ba ne, mai naƙuda ce za a kai likita.

Abin da za mu faɗa ya shafi ƙananan injuna masu karburata: moto mai ƙafa biyu, mai ƙafa uku, da ƙaramin mai ƙafa huɗu na cikin rairayi. Har injin ban ruwa, cutarsu ɗaya ce.

Mi ya sa sai da sanyi?

Inji ba ya ƙona mai yana ruwa. Sai man ya zama tururi, ya gauraya da iska, sannan buji ya ba shi wuta. In ƙarfe ya yi sanyi, mai ba ya zama tururi da sauri, sai ya manne a jikin ƙarfen. Don haka aka yi wani ɗan hannu da makanikai ke ce ma sitata, a Najeriya su ce cok. In ka ja shi, inji yana samun mai da yawa, iska kaɗan.

Ga yadda ake yi. Buɗe ɗan famfon mai. Ja sitata duka. Kada ka murɗa hannun wuta. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: suna murɗawa, iska ta shiga, aikin sitata ya ɓaci. In inji ya tashi, bar shi ya yi minti 2 ko 3, sannan ka maida sitata a hankali. Mai ƙafa huɗu kuma, galibi ba ya tashi sai ka kama birki ko giya tana sake. Ka duba wannan kafin ka zagi moto.

In ka yi ta dannawa har ka ji warin mai, to inji ya sha mai ya yi yawa. Maida sitata, murɗa hannun wuta duka, ka sake gwadawa.

Batir da buji

Sanyi yana rage ƙarfin batir. Kunna fitila, ka danna abin tada inji. In fitila ta dushe ƙwarai, ko ka ji ƙas-ƙas kawai, batir ne. Batir mai lafiya, in an auna shi, yana nuna bolt 12,6. Kafin ka sayi sabo, duba kawunansa. Sau da yawa farin gari ne ya taru, ko ƙusa ta saki. Kankare, ka ɗaure. Kuma kada ka riƙe dannawa fiye da daƙiƙa 5. Bari ya huta tsakani. In moto yana da abin takawa, yi da ƙafa.

Kwance buji ka dubi bakinsa. In ya yi launin ƙasa, lafiya. In ya yi baƙi kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa, wataƙila matacin iska ya toshe da ƙurar hunturu. Wanke matacin, bar shi ya bushe. Tazarar bakin buji a irin waɗannan injuna kamar milimita 0,6 zuwa 0,7 ce. Buji ba tsada. Ka ajiye ɗaya a aljihun moto.

Man kwalba

Man da ake saidawa a kwalba bakin hanya, wani yana da ƙasa, wani yana da ruwa. A cikin karburata akwai wata ƴar kafa, ba ta fi tsinin allura ba. Ta nan mai ke bi lokacin tada inji. Ƙwayar rairayi ɗaya tana toshe ta. Alamarta: moto yana tashi da sitata, amma da ka maida shi sai ya mutu. A gindin karburata akwai ƴar ƙusa. Sassauta ta, ka tari man a murfin kwano. In akwai ruwa, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Kafar kuwa, a wanke ta da mai mai tsabta, a busa. Kada a soka mata allura, tana faɗaɗa ta. Man da ya yi watanni cikin tanki shi ma ya rage ƙarfi, a zubar a sa sabo. In za ka zuba, tace da ƙyalle.

Abin da ake mantawa

Wani ya canza buji, ya canza batir, ya wanke karburata sau uku, amma kullum da safe sai an tura. Mu dai a nan supap muke zargi. Su ne ƙofofi biyu a kan inji, ɗaya ta shigar mai, ɗaya ta fitar hayaƙi. Dole a bar musu ƴar tazara, kamar kaurin takarda. Da tafiya, tazarar tana rufewa, ƙofa ba ta rufe sosai, inji ya rasa matsi. In ka taka abin tadawa ka ji ya tafi sako-sako, alama ce. Wannan aikin makaniki ne, kuma sai inji yana sanyi ake gyara shi. Ka bar moto ya kwana wajensa, ko ka tura shi can da safe. Ka ce ya auna da ma'auni, ba da ido ba. Aikin bai kai awa ɗaya ba.

Baƙin mai da ya tsufa yana yin kauri da sanyi, inji ya yi nauyin juyawa. Canza shi a farkon ɗari.

Hattara

Kada ka sa garwashi ko ka hura wuta ƙarƙashin inji don ya yi ɗumi. Tanki yana sama, tururin mai yana kama wuta nan take. Kada kuma ka tada moto cikin ɗaki ko zaure a rufe. A hayaƙinsa akwai guba marar wari mai kisa. Da dare rufe famfon mai, ka lulluɓe moto da buhu ko tabarma bayan ya huce, ka ajiye shi inda bango ya tare iskar arewa maso gabas, inda kuma hantsi ke fara taɓawa.