Yadda Tanki Ke Kiran Famfo

Duk wanda ya taɓa noma a bakin kogin Antau a Keffi ya san yadda ake kiran mutumin da ke tsallake. Ba ka tsayawa cikin kwari ka ce, "Haruna, in ka gama kunyar nan ka zo da garmar, Baba na jira." Iska za ta kwashe rabin zancen. Tudu kake hawa, ka haɗa tafin hannu a baki, ka ja sunan: "Haaaruuunaaa!" Sannan ka kasa kunne. In ka ji "Na'aaam!" sai ka jefa kalma biyu: "Kawo garma!" In shiru ne, ka sake kira.

Wannan kiran ne ke faɗo mini a rai duk sanda na ga tankin gidan haya a Angwan Lambu yana ambaliya, alhali famfon rijiyar burtsatsen yana can nesa yana ta aiki, ba wanda ya gaya masa an ƙoshi. Abin yana ci mini rai, domin ruwa ne da kuɗin wuta ke bin lambatu. Jan waya tsakaninsu tsada gare shi, ga ɓera, ga filin maƙwabci a tsakani. Maganin shi ne 'yan ƙwaƙwalwar na'ura guda biyu, irin Arduino da aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005, ko ESP32. Ɗaya ta zauna a kan tanki tana auna ruwa, ɗaya a gindin famfo tana kunnawa da kashewa. Sai su yi magana ta iska da ƙaramar rediyo, ba layin waya, ba sayen data.

Rediyon da masu koyo suka fi farawa da ita ita ce nRF24L01, ƙirar kamfanin Nordic Semiconductor na ƙasar Norwe, ba ta kai kwalin ashana ba. Ɗabi'arta ta manomi ce sak. Saƙonta ɗaya ba ya wuce misalin harafi 32. Da ta aika sai ta jira na'am, in ba ta ji ba ta maimaita, har sau 15 in an umarce ta. A wutsiyar kowane saƙo kuma tana liƙa ɗan lissafi, kamar uwar da ta ba yaro aike ta ce, "Ka ce wa Inna ɗari biyar ce, ta ƙirga a gabanka." In lissafin bai yi daidai ba, mai karɓa ya san wani abu ya faɗi a hanya, sai ya yi watsi da saƙon ya ƙi amsawa, a sake turowa.

Matsalarta wurin zamanta. Tana magana a kan zangon gigahaz 2.4, wanda ya zama kamar tsakiyar kasuwar Keffi da hantsi: Wi-Fi na can, Bluetooth na can, kowa na ciniki da ƙarfi. Tana da tashoshi 126, don haka za ka iya jan abokin maganarka gefe inda hayaniya ta lafa. Amma bango da rufin kwano suna tare ta, ganye mai lema yana shanye ta. Abin da ya yi aiki lafiya da rani sai ya fara gardama da damina, lokacin da itatuwan tsakani suka yi duhu.

Wadda ta fi burge ni ita ce LoRa, dabarar da wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo ya fito da ita a Grenoble ta Faransa, kafin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012. Ita ce ainihin "Haaaruuunaaa". Kowane ɗigon bayani janshi take yi, sautin ya taso daga ƙasa ya haura sama a hankali, ta yadda mai sauraro zai gane shi ko da hayaniya ta fi shi ƙarfi, kamar yadda kake tsinto muryar mahaifiyarka a cikin taron biki. Da batir ƙarami takan kai kilomitoci a fili. Abin da aka biya shi ne sauri, don ba za ta kai maka hoto ko waƙa ba. To, tanki me zai ce? "Na cika." "Na yi ƙasa." Iyakar zancensa ke nan.

Inda nake ganin masu koyo suna asarar kuɗi, har da ɗaliban da ke haɗa aikin kammala karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa, shi ne da saƙo ya ƙi isa sai a ruga neman rediyo mai ƙarfin murya. Kafin zuwan lasifika, ladan hasumiya yake hawa, maƙogwaronsa kuwa shi ne dai na jiya. Eriya ma haka take. A zangon megahaz 433, 'yar waya miƙaƙƙiya mai tsawon santimita 17 ta isa, muddin an fito da ita daga ƙarƙashin kwano an ɗaure a kan gora, tana hango 'yar'uwarta. In kuwa tudu irin Dutsen Maloney ne ya shiga tsakani, ihu ba ya huda dutse. Sai a ɗora na'ura ta uku a bisansa, kamar yaron da ake tsayarwa a kan tudu tsakanin gonaki biyu, ya ji daga nan ya juya ya kwarara wa can: "Wai ka kashe famfo!"