Furikaeru: Waiwaye a Harshen Japan

Ɗalibai, tun da shekarar karatu ta zo ƙarshe, bari in koya muku wata kalma ta harshen Japan da ta dace da lokacin: furikaeru. A furta ta gaɓa-gaɓa, fu-ri-ka-e-ru.

Aikatau ce, haɗin kalmomi biyu. Furu shi ne kaɗawa, kaeru kuma komowa. Ma'anarta ta farko ita ce mai tafiya ya juya ya dubi baya, kamar wanda aka kira sunansa a hanya. Daga nan aka kai ta ga tunani, wato mutum ya duba kwanakin da ya wuce. Haka muka yi da "waiwaya" a Hausa. Sai dai su aikatau a ƙarshe take zuwa: ichinen o furikaeru, wato waiwayen shekara guda.

A makarantun Japan malamai da yawa sukan ba yara 'yan mintoci a ƙarshen darasi su rubuta furikaeri: abin da suka gane, da abin da ya shige musu duhu. A ganina wannan ya fi tambayar "Kun gane?" wadda kowa ke amsa ta da "E" don a tashi.

Amma a lura. Akwai wata furikaeru dabam, mai nufin sauya kuɗi daga wani asusu zuwa wani. In aiki ya wuce, ta waiwaye takan zama furikaetta, ta kuɗi kuma furikaeta. Kamar "dabba" da "daba" ne: wanda ya yar da "t" ɗaya ya bar tunani ya shiga banki.